Bin Sawun Makaman da Ake Miƙa wa Ƙawaye: Waiwaye Daga Igogin Yola Zuwa Faɗuwar Mubi

1.0 Gabatarwa

A ranar 29 ga Oktoba, 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, gari na biyu a girma a Jihar Adamawa, suka riƙe shi na kimanin mako biyu. Jama'ar Lokuwa da Kolere da Yelwa da Sabon Layi da sauran unguwannin garin suka watse, wasu suka nufi Yola, wasu suka bi ta duwatsu suka tsallaka Kamaru. A daidai waɗannan kwanaki gwamnatin Nijeriya da ta Amurka suna ta ka-ce-na-ce a kan waɗansu jiragen yaƙi masu saukar ungulu da Nijeriya ta nemi saye aka hana ta. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan jayayya tsohuwa ce: idan wata ƙasa ta miƙa wa ƙawarta makami, wa ke da ikon sanin inda ya shiga, da hannun da ya riƙe shi, da wanda aka harba da shi?

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin wannan tambaya a ƙasar Adamawa, tun daga shekarar 1890 har zuwa zamaninmu. Za a fara da duba kalmomin da Hausa ke da su a wannan fage, sannan a waiwayi yarjejeniyar farko da ta shimfiɗa ƙa'idar buga lamba a jikin bindiga, da yadda ta kaya a Muri da Yola da Madagali. Daga nan sai a dubi tsarin da Amurka ke bi a yau da abin da ya faru a Mubi. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ƙidayar da mai bayarwa ke yi an gina ta ne domin kare mai bayarwa, kuma ba ta taɓa maye gurbin littafin da ya wajaba mai karɓa ya riƙe a gidansa ba.

2.0 Kalmomi da Ma'anoninsu

Manyan kalmomin makamin wuta a Hausa sun shigo ne ta hanyar arewa. Bindiga ta fito daga kalmar Larabci bunduƙiyya, albarushi daga al-barud, harsashi kuwa daga ar-rasas, wato darma. Wannan ya dace da abin da tarihi ya nuna, domin tun a ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga Turkawa a cikin rundunarsa, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta. Kalmomin ƙidaya ma, irin su lissafi da adadi da hatimi, daga Larabci suke. Amma kalmomin da ke keɓe bindiga guda ɗaya daga 'yan'uwanta, wato lamba da rajista da lasisi da sito, duk aro ne daga Ingilishi. Wannan rabuwa tana nuna cewa sarakunanmu sun san ƙidaya bindigogi da damƙa su ga Sarkin Bindiga, amma dabarar ba kowace bindiga suna nata na kanta, wanda za a rubuta a littafi a riƙa bin ta da shi duk inda ta je, ta zo ne tare da Turawa.

Haka kuma Hausa tana da hanyoyi huɗu sanannu na fitar da kaya daga hannu zuwa hannu: ciniki, kyauta, aro da ajiya. A ciniki da kyauta mallaka takan koma ga mai karɓa gaba ɗaya. A aro da ajiya mallaka tana nan ga mai kaya, wanda aka ba kuwa amana ya riƙe. Miƙa makami tsakanin ƙasashe bai zauna daram a cikin ko ɗaya daga cikin huɗun nan ba. Ƙasa takan biya kuɗinta cif, amma ba ta da ikon sayar da abin da ta saya ko ba da shi kyauta sai da iznin wanda ya sayar mata. Malaman fiƙihun Malikiyya suna ganin sharaɗin da ya hana mai saye sayarwa ko kyautarwa sharaɗi ne da ke warware manufar ciniki. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan Bahaushe ya ji irin wannan ciniki ya ga baƙon abu ne. A cikin wannan maƙala za a kira shi ciniki mai igiya, domin mai sayarwa yakan saki kayan amma ya riƙe bakin igiyar.

3.0 Yarjejeniyar Brussels ta 1890

A ranar 2 ga Yuli, 1890 ƙasashen Turai tare da Amurka da Daular Usmaniyya da Farisa da Zanzibar suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Brussels na Beljiyam, wadda ta fara aiki a 1892. Babbar manufar da aka bayyana ita ce hana cinikin bayi, amma an keɓe wani sashe nata ga bindigogi da albarushi. An shata yanki daga digiri 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa digiri 22 kudu da ita, wanda ya haɗiye ƙasar Hausa da Barno da Adamawa baki ɗaya. A cikin wannan yanki aka hana shigo da bindigogin zamani domin sayarwa. Duk makamin da ya sauka sai a ajiye shi a siton gwamnati, ba ya fita sai da izni. Wanda aka amince ya riƙe bindigar zamani sai an buga mata alama, an shigar da ita rajista, an ba shi lasisi mai ɗauke da sunansa na tsawon shekara biyar. Abin da aka bari a riƙa sayar wa talakawa shi ne bindigar ƙanƙara da albarushi mai arha.

A nan ne aka fara haɗa abubuwa uku da har yau su ne ginshiƙin bin sawun makamai: alama a jikin ƙarfe, suna a cikin littafi, da izni kafin kaya su motsa. Sai dai yarjejeniyar ta bar wa kowace gwamnatin mulkin mallaka damar wadata sojojinta da makamai yadda ta ga dama, kuma ba ta kafa wani alƙali da zai binciki littafin kowa ba. Amfaninta na zahiri shi ne ta tabbatar wa Turawa fifikon makami a kan sarakunan da suke shirin ci da yaƙi.

3.1 Igogin Mizon a Muri da Yola

Tawadar yarjejeniyar ba ta gama bushewa ba aka keta ta a kan kogin Binuwai. Laftanar Mizon, hafsan sojan ruwan Faransa, ya isa Yola a 1891 a zamanin Lamiɗo Zubairu, sannan ya sake dawowa yankin a 1892 da jiragen ruwa biyu ɗauke da makamai. Burinsa shi ne ya ƙulla wa Faransa ƙawance da sarakunan Binuwai, ya sha gaban Kamfanin Neja na Ingila wanda ke iƙirarin kogin nasa ne. A ƙarshen 1892 ya taimaki Sarkin Muri Muhammadu Nya da igwa aka ci garin Kona na Jukunawa, wanda ya daɗe yana gagarar Muri, aka kuma kama mutanensa da yawa bayi. Ke nan makamin ƙasar da ta sa hannu a kan hana bauta shi ne ya buɗe ƙofar Kona ga masu kamun bayi. Kamfanin Neja ya kai kuka, Ingila ta yi wa Faransa ƙorafi, aka kira Mizon gida a 1893.

Mizon ya tafi, amma igwa biyu da ya ba Lamiɗo Zubairu suna nan a Yola. A shekarar 1893 ɗin ce Ingila da Jamus suka daidaita iyakarsu, birnin Yola ya faɗa ɓangaren Ingila, mafi yawan ƙasar Fombina kuwa ta faɗa ɓangaren Jamus. A 1894 Faransa da Jamus suka shata tasu. Ƙawancen da aka ba da igogin dominsa ya mutu, amma ƙarfe ba ya mutuwa tare da takarda. Da Kanar Morland ya auka wa Yola a ranar 2 ga Satumba, 1901, da waɗannan igogi aka tare shi a ƙofar fada, tare da 'yan bindigar da suka taɓa yi wa Rabeh aiki. Bayan an ci garin aka ƙidaya su a cikin ganima. Lamiɗo Zubairu ya fita, ya gwabza da Jamusawa a Garwa da Marwa, aka kashe shi a 1903.

Su kansu bindigogin Rabeh suna da irin wannan tarihi. Wani ɓangare na makaman ayarin Crampel na Faransa, wanda aka hallaka a Dar al-Kuti a 1891, hannunsa suka faɗa. A 1899 ya karkashe rundunar Bretonnet a Togbao ya kwashe igwa uku, waɗanda Faransawa ba su sake ganinsu ba sai a yaƙin Kusuri na ranar 22 ga Afrilu, 1900, inda aka kashe shi. Daga waɗannan misalai ana iya fitar da hanyoyi uku da makami ke kauce wa niyyar mai bayarwa: ƙawa ya yi amfani da shi a kan waɗanda ba a nufa ba, kamar a Kona, ƙawance ya ƙare makami ya saura, kamar a Yola, ko abokin gaba ya ƙwace shi a fagen fama, kamar a Togbao. Duk abin da ya biyo baya a tarihin nan bai fita daga ukun nan ba, sai hanya ta huɗu da za a zo gare ta, wato ɓacewa daga cikin sito.

4.0 Mubi Tsakanin Tutoci Uku

Mubi tana gindin duwatsun Mandara, a bakin kogin Yedzaram, ƙasar Gude da Fali da Fulani. Rabon Turawa ya sa ta cikin Kamaru ta Jamus. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawar da Jamusawa: Garwa ta faɗi a watan Yunin 1915, sansanin Mora ya miƙa wuya a watan Fabrairun 1916. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1919 ta sanya Mubi da Madagali a ɓangaren Ingila, aka riƙa mulkinsu a matsayin ƙasar riƙo, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961. A ranar 1 ga Yuni, 1961 yankin ya shiga Nijeriya da sunan Lardin Sardauna.

Abin da ya faru a Madagali, arewa da Mubi, a tsakanin waɗannan sauye-sauye ya isa shaida. Hamman Yaji ya hau sarautar garin a 1902, ya kuma riƙe littafin tarihin ayyukansa na yau da kullum daga 1912 har zuwa 1927 da Ingilishi suka tuɓe shi. Littafin, wanda aka buga fassararsa a 1995, cike yake da lissafin hare-haren da 'yan bindigarsa suka kai wa mazauna duwatsu irin su Sukur, da adadin bayi da shanun da aka kamo. Waɗannan hare-hare sun ci gaba har zuwa wajen 1920, a ƙarƙashin Jamus da Faransa, alhali dukkansu sun sa hannu a Brussels. Kowace gwamnati tana bukatar hakimin da zai riƙe mata bakin iyaka ya tara mata haraji, don haka ta kau da kai daga bindigoginsa. Rajista tana can a hedikwata, mutanen dutse kuwa su ne suka san inda harsashi ya sauka.

5.0 Ciniki Mai Igiya a Tsarin Amurka

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta zama babbar mai miƙa makamai ga ƙawaye, kuma ita ce ta fi kowa tsara ƙa'idojin bin sawunsu. Dokar fitar da makamai ta 1976 ta ɗora wa mai karɓa sharuɗɗa uku: kada ya miƙa kayan ga wani sai da amincewar Amurka, kada ya yi amfani da su sai ga abin da aka ba shi dominsa, kuma ya tsare su kamar yadda Amurka za ta tsare su. A 1990 Ma'aikatar Harkokin Waje ta kafa shirin Blue Lantern domin binciken cinikin da kamfanoni ke yi kai tsaye. A 1996 aka ƙara wa dokar sashen da ya wajabta sa ido a kan yadda ake amfani da kayan, daga nan Ma'aikatar Tsaro ta fito da shirin Golden Sentry domin cinikin gwamnati da gwamnati. Shirin yana da mataki biyu. Kayan yau da kullum, kamar motoci, jami'an ofishin jakadanci sukan leƙa su lokaci-lokaci. Kayan da ake jin tsoron faɗawarsu hannun banza, kamar makamai masu linzami na kafaɗa da tabaran gani cikin dare, ana ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya da lambarsu a kowace shekara. Baya ga waɗannan akwai Dokar Leahy ta 1997, wadda ta hana taimaka wa duk wata rundunar da aka sami sahihin bayani cewa ta aikata mummunan take haƙƙin ɗan Adam.

Tsarin yana da kyau a takarda, amma a fagen yaƙi ya sha gazawa. A 2007 ofishin binciken kuɗi na Majalisar Amurka ya bayyana cewa ba a iya ba da bayanin bindigogi kimanin 190,000 da aka raba wa jami'an tsaron Iraƙi ba, 110,000 daga ciki AK-47 ne, 80,000 kuwa ƙananan bindigogi. A 2009 ofishin ya ce babu cikakken lissafin makamai kimanin 87,000 daga cikin 242,000 da aka saya wa Afganistan. Da Mosul ta faɗi a watan Yunin 2014, sojojin Iraƙi sun bar motocin Humvee 2,300, kamar yadda firayim ministan ƙasar ya faɗa daga baya. A watan Janairun 2024 babban mai binciken Ma'aikatar Tsaro ya ce kayan da suka kai dala biliyan 1, daga cikin na kusan dala biliyan 1.7 da ya kamata a ƙidaya da lamba a Yukren, ba a ƙidaya su a kan lokaci ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, mai ƙidaya ba ya iya zuwa inda ake ɓarin wuta, a can kuwa kaya ke salwanta.

6.0 Shekarar 2014 a Mubi

A watan Agustan 2014 Gwoza ta faɗi, Madagali ta bi baya, Michika kuma ta faɗi a farkon Satumba. A ƙarshen Agustan ne sojojin Nijeriya kusan 480 suka tsallaka Kamaru bayan gumurzu a yankin Gamboru Ngala. Suka miƙa makamansu ga hukumomin Kamaru, aka sauke su a Marwa, sannan aka rako su gida ta hanyar Mubi. Hedikwatar tsaro ta ce sun miƙa makaman ne bisa ƙa'ida domin nuna ba yaƙi ya kai su ba. A ranar 17 ga Oktoba babban hafsan tsaro Alex Badeh ya ba da sanarwar tsagaita wuta. Kwana goma sha biyu bayan haka Mubi ta faɗi, barikin sojan garin ya shiga hannun mayaƙan, haka ma Vimtim, mahaifar shi Badeh, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa tare da Lokuwa. Suka sauya wa garin suna zuwa Madinatul Islam. A ranar 13 ga Nuwamba aka ba da sanarwar ƙwato shi, kuma maharba da 'yan sintiri, waɗanda da yawansu bindigar toka da kwari da baka suke riƙe da su, sun taka babbar rawa a wannan aiki.

A cikin wannan shekara ce Nijeriya ta nemi sayen jiragen Cobra daga Isra'ila. Jiragen ƙirar Amurka ne, don haka igiyarsu tana Washington, kuma Amurka ta ƙi sakinta. A ranar 10 ga Nuwamba, Mubi tana hannun abokan gaba, jakadan Nijeriya Adebowale Adefuye ya fito fili ya zargi Amurka da ƙin taimakon ƙawarta a ranar bukata. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta amsa cewa ta hana cinikin ne saboda shakkar da take da ita a kan iya sarrafa jiragen da kula da su, da kuma damuwa game da kare farar hula. Kafin shekarar ta ƙare Nijeriya ta soke horon da Amurka ke ba wata bataliyar sojanta.

Kowane ɓangare yana da hujja. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun tattara shaidu masu nauyi a kan kashe-kashen da suka biyo bayan harin barikin Giwa a Maiduguri a watan Maris na 2014, ga kuma yawan kayan soja da ake gani a hannun mayaƙan a cikin hotunan da suke yaɗawa. Amurka tana tsoron irin abin da ya faru a Kona da irin wanda ya faru a Togbao. Nijeriya kuwa tana ganin garuruwanta suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Amma abin lura shi ne inda hanin ya tura ta. A watan Satumban 2014 hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgi mai zaman kansa a filin jirgin Lanseria, waɗanda aka ce na sayen makamai ne, daga baya suka riƙe wasu dala miliyan 5.7. Da aka rufe ƙofar da ke da rajista, sai aka koma ga dillalai da jakar kuɗi, inda babu wanda ke rubuta komai.

Igiyar ta sake bayyana a cinikin jiragen Super Tucano guda 12. Gwamnatin Obama ta dakatar da shi bayan jirgin sojan saman Nijeriya ya jefa bama-bamai bisa kuskure a kan sansanin 'yan gudun hijira na Rann a ranar 17 ga Janairu, 2017. Gwamnatin Trump ta amince da shi a wannan shekara, Nijeriya ta biya dala miliyan 496 a 2018, shida na farko suka iso a watan Yulin 2021, aka ba su mazauni a Kainji. A watan Afrilun 2022 Amurka ta amince da sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu 12 samfurin AH-1Z, wato jikokin Cobra ɗin da aka hana ta shekara takwas da suka gabata. Sharaɗin yakan tsananta ko ya sassauta gwargwadon wanda ke mulki a Washington da bukatarsa ta lokacin. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

7.0 Littafin Cikin Gida

Jirgin sama yana da wuyar ɓacewa, kuma shi ne baƙon mai ƙidaya ke zuwa dubawa. Abin da ke kashe mutane a ƙauyukan Mubi da Michika da Madagali kuwa bindiga ce da harsashi, waɗanda babu wani jakada da ke ƙidaya su. Wannan aiki na gida ne, kuma dokokinsa suna nan. Nijeriya tana da dokar bindigogi tun 1959. Ƙasashen ECOWAS sun ayyana dakatar da shigo da ƙananan makamai a Abuja a 1998, suka mayar da shi cikakkiyar yarjejeniya a ranar 14 ga Yuni, 2006, wadda ta fara aiki a 2009. Yarjejeniyar ta wajabta buga alama, da kafa rajistar ƙasa, da neman takardar izni kafin shigo da kaya, ta kuma haramta miƙa makamai ga ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba. A 2013 Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2021 aka kafa cibiyar ƙasa ta kula da ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Abin da bincike ya tono ya nuna tazarar da ke tsakanin doka da aiki. A watan Agustan 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamitin binciken sayen makamai tun daga 2007, wanda rahotonsa ya kai ga gurfanar da manyan jami'ai a kan kuɗin da aka kiyasta sun kai dala biliyan 2.1. Tsohon mai ba da shawara kan tsaro Sambo Dasuki, wanda shi ne kan gaba a cikin waɗanda aka tuhuma, ya musanta zargin. Shi kansa Badeh, a jawabinsa na ban kwana a watan Yulin 2015, ya ce ya shugabanci rundunar da ba ta da kayan aikin da take bukata. Haka kuma rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa zuwa watan Disambar 2018 akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ko da wani ɓangare na wannan adadi ya samo asali ne daga sakacin rubutu, sakacin kansa shi ne ciwon, domin bindigar da ba a san tana nan ba, ba za a san ranar da ta fita ba. Wannan ita ce hanya ta huɗu da aka ambata a baya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Littafin gida yana da amfani ta fuska uku. Yana nuna wa kwamanda abin da ke hannunsa kafin ya tura yaransa bakin daga. Yana ba da damar gane asalin bindigar da aka ƙwato daga hannun ɗan ta'adda, ko daga rumbunan Libiya ta fito bayan 2011, ko daga sitonmu. Sannan shi ne hujjar da ƙasa za ta ajiye a gaban mai sayarwa idan ya ce bai amince da riƙonta ba. Da a ce Nijeriya tana da irin wannan littafi a 2014, da muryar jakadanta ta fi nauyi.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun al'amari guda daga Brussels zuwa Kona da Yola, daga Madagali zuwa Mubi. An ga cewa dabarar alama da rajista da izni ta haura shekara 130, kuma tun ranar farko mai bayarwa ne ya tsara ta domin bukatarsa: yakan tsananta ta idan yana tsoro, ya sassauta ta idan yana neman ƙawa. An kuma ga cewa makami ya fi ƙawancen da ya kawo shi tsawon rai, kuma waɗanda ke biyan kuɗin kuskuren lissafi su ne mazauna bakin iyaka, jiya mutanen Kona da Sukur, a 2014 kuwa mutanen Lokuwa da maƙwabtansu.

Akwai aiki a nan ga masana harshe. Har yanzu ana fassara wannan ciniki a kafofin watsa labarai da kalmomin sayarwa da taimako da kyauta, waɗanda ke ɓoye igiyar da ke jikinsa, shi ya sa mai sauraro ke mamaki idan ya ji an hana wata ƙasa sayar da jirgin da ta mallaka. Ya kamata a zauna a daidaita kalmomin wannan fage a Hausa da Fulfulde da Kanuri, harsunan da ake ji a yankunan da abin ya fi shafa, ta yadda talaka zai iya tambayar wakilinsa bindiga nawa aka saya da kuɗinsa, nawa ke cikin sito, nawa suka ɓata, kuma wa ya sa hannu. Amana kalma ce da kowa ya sani, kuma wanda aka ba ajiya shi ake tambaya.